William Morris: Attajirin Ingila da ya tsoma hannu a ramin shuni

A watan Fabrairun 1851 ne matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo birnin Kano. Cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa akwai tufafi. Ya rubuta cewa zanen da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano yana kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, yana kaiwa Tumbuktu ta yamma, ya kuma ƙiyasta cewa kuɗin wanda ake fitarwa waje duk shekara bai gaza wuri miliyan 300 ba. Kaso mai tsoka na wannan aiki a garuruwan kudu da birni ake yin sa, irin su Kura da Bunkure, inda ramukan karofi suke jere, mabuga kuma ba sa hutawa.

A wannan shekarar ce kuma aka buɗe wani gagarumin baje koli a birnin Landan, cikin wani katafaren gini na ƙarfe da gilashi, domin nuna wa duniya abin da injinan Ingila suke iya ƙerawa. An ruwaito cewa wani saurayi ɗan shekara 17 da ya je wurin tare da danginsa ya ƙi shiga, saboda ƙyamar kayan da aka baje. Sunan saurayin William Morris. Shi ne daga baya ya zama mawaƙi, mai zane, marini, masaƙi, kuma ɗan siyasa, wanda ya kashe shekaru da dukiya mai yawa yana neman ilimin da ɗan marinin Kura yake tarar da shi a ƙofar gidansu. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma tarihinsa ya shafi duk garin da yake da sana'ar hannu da ke neman kuɓuce masa, domin ya nuna irin wahalar da ake sha kafin a dawo da sana'a idan aka bari ta bar hannun masu ita.

Haihuwa da tasowa

An haifi William Morris ranar 24 ga watan Maris na 1834 a Walthamstow, wanda a lokacin ƙauye ne a gefen Landan. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa William, dillalin takardun kuɗi ne a birnin, mahaifiyarsa kuma sunanta Emma. Babbar dukiyar gidan ta fito ne daga hannun jarin da uban ya saya a wata mahaƙar tagulla da ke yankin Devon, wadda ta bunƙasa fiye da yadda kowa ya zata. Yaron ya tashi a gefen dajin Epping, yana yawo a kan ɗan dokinsa, yana haddace sunayen itatuwa da furanni da tsuntsaye. Waɗannan su ne daga baya suka cika zane-zanensa.

Mahaifin ya mutu a 1847, shekara guda bayan haka aka kai yaron makarantar kwana ta Marlborough. A farkon 1853 ya fara karatu a Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford da niyyar zama limamin coci. A can ya haɗu da Edward Burne-Jones, wanda ya zama amininsa kuma abokin aikinsa har mutuwa ta raba. Tare suka karanta rubuce-rubucen John Ruskin, masanin da ya yi ta nanata cewa kyan gine-ginen dā ya samo asali ne daga 'yancin da magini yake da shi na yin aiki da hankalinsa, kuma masana'antar zamani ta mayar da ma'aikaci wani ɓangare na inji. Wannan ra'ayi ya zauna wa Morris a zuciya.

A 1855 abokan biyu suka zaga arewacin Faransa suna kallon tsofaffin majami'u. Kafin su dawo gida sun yanke shawarar barin hanyar limanci su kama ta fasaha. A shekarar ce Morris ya cika 21, ya fara karɓar gadonsa na fam 900 duk shekara, kuɗin da ya ninka abin da ma'aikacin masaƙa yake samu sau da yawa. Ya shiga koyon zanen gine-gine a ofishin George Edmund Street, inda ya sadu da Philip Webb, amma bai cika shekara ba ya bari, ya koma zanen fenti a ƙarƙashin Dante Gabriel Rossetti. Nan ma bai gamsu da hannunsa ba.

Daga fenti zuwa allura

Abin da ya buɗe masa hanya shi ne gida. A watan Afrilun 1859 ya auri Jane Burden, 'yar wani mai kula da dawaki a Oxford, auren da ya saɓa wa al'adar masu kuɗin zamanin. Webb ya zana musu gida na jan bulo a Bexleyheath, suka tare a 1860. Da aka zo ƙawata ɗakuna, Morris ya duba kasuwa bai ga labule ko kujera ko shimfiɗar da ta kwanta masa a rai ba, sai ya tara abokansa suka yi da kansu. Tun kafin wannan lokaci ya fara koyon aikin allura ta hanyar warware tsofaffin ɗinke-ɗinke zare bayan zare, domin ya ga yadda masu aikin dā suka bi. Abin da ya koya ya koyar da matarsa, ita da 'yar'uwarta Bessie kuwa suka zarce shi a gwaninta.

Daga wannan aiki na gida aka haifi kamfani. A watan Afrilun 1861 mutum bakwai suka haɗa jari suka kafa Morris, Marshall, Faulkner & Co. a Landan, suna yin tagogin gilashi masu launi, da kayan katako, da aikin allura, daga baya kuma takardar ado ta manna wa bango. Baje kolin Landan na 1862 ya fito da sunansu. A 1865 Morris ya bar gidan jan bulon ya koma da iyalinsa Queen Square, saman shagon kamfanin, domin kuɗin mahaƙar ya fara raguwa, tafiyar yau da kullum kuma ta yi masa nisa.

A wancan lokaci jama'a sun fi saninsa da waƙa. Dogayen waƙoƙin da ya wallafa tsakanin 1867 da 1870 sun sa shi cikin manyan mawaƙan Ingila. Sai dai gidansa babu daɗi, domin shaƙuwar da ta shiga tsakanin matarsa da Rossetti ta jefa shi cikin baƙin ciki na shekaru. Bai saki matar ba, bai kuma tona asirin kowa ba. Ya yi tafiya sau biyu zuwa tsibirin Iceland, a 1871 da 1873, inda ya ga talakawa masu mutunci da suke rayuwa da aikin hannunsu. A 1875 ya sallami sauran masu jari bayan doguwar taƙaddama, kamfanin ya zama nasa shi kaɗai da sunan Morris & Co.

Neman shuni

Da ya mallaki kamfanin sai ya fuskanci matsalar da ta daɗe tana damunsa, wato launi. A 1856 wani matashi ɗan shekara 18 mai suna William Henry Perkin ya gano hanyar fitar da rini daga kwaltar da ake samu a jikin kwal. Cikin shekaru kaɗan rinin sinadari ya cika masana'antun Turai, saboda arha da sauƙin aiki. Morris ya ga launukan suna da ƙyalli mai ɗaukar ido a shago, amma da rana ta doke su sai su koɗe su yi muni, alhali rinin tsiro ko ya tsufa laushi kawai yake yi. Zaren da yake saye domin aikin allura da yadin da ake buga masa duk sun kasa ba shi abin da yake so. Ya yanke shawarar koyon rini da kansa.

A nan ya gane girman asarar da aka yi. Bai fi shekara 20 da shigowar sabon rinin ba, amma masu buga yadi da dama sun riga sun saki tsofaffin hanyoyi, waɗanda suka san su kuma sun tsufa. Sai ya koma ga littattafai. Ya karanta littafin tsirrai na John Gerard da aka buga a 1597, da tsofaffin littattafan rini na Faransa, har da abin da marubutan Rum na dā suka bari. Ya kafa 'yar marina a gidan Queen Square, yana gwada saiwar wani tsiro mai ba da ja, da wani ganye mai ba da rawaya, da ɓawon 'ya'yan itace mai ba da ruwan ƙasa. Littafi ya gaya masa abin da za a zuba, amma bai iya gaya masa lokacin da ruwa ya nuna ba.

Saboda haka a 1875 ya tafi garin Leek da ke yankin Staffordshire, wurin Thomas Wardle, mai masana'antar rinin alharini, wanda ya yi suna wajen rina alharinin daji na Indiya, mai kama da tsamiyar da ake yi wa riguna aiki da ita a ƙasar Hausa. Wardle ya tashi a gidan rini, yana kuma tuna hanyoyin da aka bi a zamanin mahaifinsa. Tsakanin 1875 da 1877 Morris ya yi ta zuwa Leek yana kwashe makonni, sanye da rigar aiki da takalman katako, yana tsaye cikin ma'aikata tun safe.

Ja da rawaya sun ba shi haɗin kai. Shuni ne ya wahalar da shi, dalilin kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a bakin karofi. Shuni ba ya narkewa a ruwa yadda sauran rini suke yi. Sai an haɗa shi da ruwan toka ko makamancinsa, an bar shi ya ruɓa har ya sauya hali, kafin ya iya shiga zare. Zanen da aka tsoma yakan fito da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi, a sake tsomawa a sake shanyawa har launin ya kai inda ake so. In aka yi gaggawa ruwan bai nuna ba, in aka yi jinkiri ya lalace. Morris ya bayyana ramin shunin da ya yi aiki a kansa a Leek da cewa zurfinsa ƙafa 9 ne, kuma a binne yake cikin ƙasa har bakinsa, siffar da ba ta da nisa da ramukan Ƙofar Mata ko na Kura. Ya kuma fahimci cewa gwanin marini da hanci da ido yake gane ruwan da ya yi, ba da ma'auni ba.

A waɗannan shekaru hannuwansa sun rine har wuyan hannu, sabulu ya kasa fitar da su. Haka yake shiga taron manyan mutane a Landan. A 1877 aka nemi ya tsaya takarar kujerar farfesan waƙa a Oxford ya ƙi, a daidai lokacin da hankalinsa yake kan ramin shuni. Duk da haka ya bar Leek bai sami cikakken abin da yake nema ba, kuma yawan ƙorafinsa kan shuɗin da bai yi daidai ba ya sa dangantakarsa da Wardle ta yi tsami.

Masaƙa a ɗakin kwana

Bai tsaya ga rini ba. A 1877 ya ɗauko wani masaƙin alharini mai suna Bazin daga birnin Lyon na Faransa, aka kafa masa masaƙa domin saƙa yadi mai fure. Bayan ya koma wani gida a Hammersmith, a bakin kogin Thames, ya mayar da ɗakin ajiye keken doki wurin ƙulla darduma da hannu, yana koyi da dardumomin Farisa waɗanda yake ganin babu kamarsu a duniya.

Burinsa mafi girma shi ne saƙar bango, wato babbar shimfiɗa da ake saƙa hoto a jikinta da zaren ulu da alharini, a rataye ta a bango. Irin saƙar da yake so, wadda ake yi a tsayayyiyar masaƙa, ba ta da sauran mai koyar da ita a kusa da shi. Ya taɓa ziyartar masaƙar Gobelins a birnin Faris ya ga yadda ake yi, sauran kuma ya tsinto daga wani tsohon littafin Faransa. A 1879 ya kafa masaƙa a ɗakin kwanansa, yana tashi da asuba ya yi saƙa kafin ya fita aiki. Ya riƙa rubuta sa'o'in da ya yi, kuma tsakanin watan Mayu da Satumba ya kwashe sa'o'i 516 kafin ya gama shimfiɗarsa ta farko, mai hoton ganyaye da inabi da tsuntsaye. Ta ɗan karkace a saƙa, shi da kansa ya riƙa yi mata ba'a. Amma ƙa'idarsa ita ce ba zai sa ma'aikaci yin abin da shi bai iya ba. Yana gamawa ya ɗauki wani yaro mai suna John Henry Dearle ya fara koya masa.

Shekarun Merton Abbey

A 1881 ya sami wurin da zai haɗa duk ayyukan nan, wata tsohuwar masana'antar buga yadi a Merton Abbey, kudu da Landan, a bakin ƙoramar Wandle. Bai karɓi wurin ba sai da ya tabbatar ruwan ƙoramar ya dace da rini. Bai rushe tsofaffin rumfunan katakon ba, gyara su ya yi, ya haƙa ramukan shuni, ya jera masaƙu da teburan bugu. A cikin ƙoramar ake ɗauraye yadi, a kan ciyawar gefenta ake shanyawa.

A nan ne ya ci nasarar da ta gagare shi a Leek. Hanyar ita ce a rina yadin gaba ɗaya ya yi shuɗi, sannan a ɗauki hatimin katako da aka sassaƙa zane a jikinsa, a shafa masa sinadarin da ke cire launi, a buga a inda ake son fari ko shuɗi mai haske. Bayan an wanke an shanya sai a bi da ja da rawaya, kowanne da nasa hatimin da nasa wankin. Yadi guda yakan ɗauki kwanaki. A 1883 ya fitar da zanen da ya fi kowanne shahara, mai hoton tsuntsaye suna satar 'ya'yan sitiroberi, abin da ya gani da idonsa a lambun gidansa na ƙauye a Kelmscott. Yana cikin yadin auduga mafi tsada da kamfanin ya sayar, amma mutane suka yi ta saye. Shekara takwas ke nan tun zuwansa Leek na farko.

Zuwa 1884 ma'aikatan Merton Abbey sun kai kimanin 100. A 1885 ya danƙa sashen aikin allura a hannun 'yarsa May, tana da shekara 23, ta kuma riƙe shi da kyau. Burne-Jones yana zana mutanen da za a saƙa, Morris da Dearle suna zana furanni, yaran da aka koyar suna saƙawa. Gidan tarihi na South Kensington, wanda yanzu ake kira Victoria and Albert, ya riƙa neman shawararsa kan kayan saƙa. Yana cikin waɗanda suka matsa aka sayi dardumar Ardabil a 1893 kan fam 2,000, dardumar Farisa mai ɗauke da shekarar 946 bayan Hijira, wadda har yau tana shimfiɗe a gidan.

Siyasa da abin da ya kasa warwarewa

Aikin hannu ne ya kai shi siyasa. Ya lura cewa muddin riba ce kaɗai ma'auni, mai masana'anta zai nemi abu mafi arha, ma'aikaci kuma ba zai sami damar yin aikin da zai yi alfahari da shi ba. A laccocinsa ya yi Allah wadai da yadda cinikin Ingila ya durƙusar da masaƙa da marinan Indiya, ya kuma soki yaƙe-yaƙen da ƙasarsa ta kai Masar da Sudan. A watan Janairun 1883 ya shiga ƙungiyar masu ra'ayin gurguzu, a ƙarshen 1884 ya fice tare da wasu suka kafa tasu, ya zama editan jaridarta, yana kuma biyan kuɗin buga ta daga aljihunsa. Ya yi wa'azin siyasa a bakin titi da ƙofar masana'antu. An kama shi a 1885, an ci shi tara a 1886, kuma yana cikin masu zanga-zangar da 'yan sanda da sojoji suka tarwatsa a dandalin Trafalgar ranar 13 ga Nuwamban 1887.

Akwai saɓanin da bai iya warwarewa ba, kuma bai ɓoye shi ba. Yana son kowane talaka ya mallaki abu mai kyau, amma aikin da ya ci sa'o'i ɗaruruwa sai mai kuɗi ke iya saye. Manyan saƙe-saƙensa gidajen attajirai suka tafi. Ya biya ma'aikatansa fiye da abin da aka saba, amma kamfanin nasa ne, yawancinsu kuma gwargwadon abin da suka yi ake biyansu. Mahaƙar da ta arzuta gidansu daga baya ta zama babbar mai samar da gubar asenik, ya taɓa zama cikin daraktocinta, kuma ya raina koken da aka yi kan haɗarin wannan guba a koren launin takardun bango. Shunin da kasuwar Ingila ta dogara da shi kuwa galibi daga Indiya yake zuwa, inda Turawa masu gandu suka tilasta wa manoma shuka baba har suka yi bore a Bengal a 1859. A nan akwai bambanci da ƙasar Kano, inda manomin baba da marini da mabugi suke maƙwabtan juna.

Ƙarshen rayuwa

A 1890 ya janye daga ƙungiyar bayan rikicin cikin gida, ko da yake bai sauya ra'ayi ba. A 1891 ya kafa maɗaba'ar Kelmscott, wadda ta buga littattafai 53 da injin hannu a kan takardar da aka yi da hannu. Da Alfred Tennyson ya mutu a 1892 an tuntuɓe shi kan muƙamin mawaƙin fada, ya nuna ba ya so. Lafiyarsa ta yi ta raguwa, ga kuma damuwar ciwon farfaɗiya da babbar 'yarsa Jenny take fama da shi tun 1876. Ya mutu ranar 3 ga Oktoban 1896 a gidansa na Hammersmith yana da shekara 62. A kan amalanken gona aka ɗauki gawarsa zuwa maƙabartar cocin ƙauyen Kelmscott, Webb kuma ya zana dutsen kabarinsa.

Shekara guda bayan mutuwarsa, a 1897, kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin sinadari kasuwa, bisa binciken da Adolf von Baeyer ya faro. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya cinikin shunin tsiro na Indiya ya rushe. Dearle ya ci gaba da jagorantar zane a Merton Abbey har mutuwarsa a 1932, kamfanin kuma ya rufe a 1940. Zane-zanen Morris suna nan ana buga su har gobe, mafi yawa da inji da rinin sinadari. Gidan da ya yi ƙuruciya a Walthamstow ya zama gidan tarihi da sunansa tun 1950.

Abin da ya shafi Kura

Guguwar da Morris ya yi ƙoƙarin tarewa ta iso ƙasar Kano daga baya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya sauƙaƙa shigowar yadin Manchester, shunin kanti ya biyo baya. Masaƙun zamani da aka kafa a Kaduna da Kano daga shekarun 1950 su ma yawancinsu sun rufe, kayan waje suka cika Kantin Kwari. Abin da ya riƙe Kura shi ne turkuɗi, siraran ƙyallaye da ake saƙawa a haɗa su da ɗinki, a rina su sau da yawa, sannan mabuga su buge su da garin shuni har su yi ƙyalli. Buzayen Abzin da sauran mutanen Sahara suna naɗa shi, suna kiransa da sunan garin, kuma inji bai iya kwaikwayon wannan ƙyalli yadda zai gamsar da su ba. Marigayi Philip Shea, malamin tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a 1975 kan yadda wannan sana'a ta bunƙasa a masarautar Kano a ƙarni na 19.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, sunan yankin ya koma kan shinkafa da alkama da tumatir. Wannan alheri ne, kuma babu mai ganin laifin saurayin da ya zaɓi noman rani ko injin casa a kan sana'ar da kasuwarta ta ragu. Sai dai rayuwar Morris ta nuna lissafin da ba a cika yi ba. Yana da dukiya, yana da littattafai, yana da basira da naci irin na mutum goma, amma ya ɗauki shekara takwas kafin shuni ya yi masa biyayya, kuma bai kai ga haka ba sai da ya sami Wardle da tsofaffin ma'aikatan da ilimin bai gama barin hannunsu ba. Da ya makara da shekara 30, da littattafan kaɗai zai tarar.

A Kura da Ƙofar Mata har yanzu akwai dattawan da suka san yawan tokar da rami yake ci, da amfanin katsi, da warin ruwan da ya nuna, da nauyin hannun da ake buga turkuɗi da shi. Hukumomin raya al'adu, da sassan koyar da fasahar saƙa a jami'o'i da kwalejojin kimiyya, da 'yan kasuwar da ke neman kayan da za su fitar waje, duk suna da abin yi a nan, kuma mafi sauƙinsa shi ne a biya dattijo ya koyar, a tallafa wa yaro ya zauna ya koya, a nema wa kayan kasuwa mai biyan wahalar da aka sha. Kuɗin yin hakan yau kaɗan ne idan aka gwada da abin da Morris ya kashe wajen neman abin da ƙasarsa ta yar.